Motar da Ke Hawa Dutse da Motar da Ke Dawowa Gida

Duk lokacin da hira ta gangaro kan motocin daji, wato masu jan taya huɗu waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira kat-kat, sai na ga mutane sun rabu gida biyu. Wasu, musamman matasan da ke kallon bidiyo a intanet, hankalinsu yana kan motar da ta fi hawa dutse, ta fi ratsa ruwa, ta fi gudu a kan rairayi. Tsofaffin direbobi kuwa, waɗanda suka sha kwana a daji saboda lalacewar mota, tambayarsu guda ce: idan ta tsaya, wa zai tayar da ita? Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma ra'ayina ya karkata ga tsofaffin, amma ba don ina raina ƙarfin motocin zamani ba. Dalilina shi ne, abin da ake kira ƙarfin mota a daji ana auna shi ne a ranar da komai nata ke aiki daidai, alhali matafiyi yana bukatar sanin halinta a ranar da wani abu ya lalace, kuma babu gareji a kusa.

Ya kamata a fara yi wa masu son ƙarfi adalci, domin abin da suke yabawa gaskiya ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wata hanya mai suna Rubicon, tsawonta kimanin kilomita 35, wadda ta ratsa duwatsun Sierra Nevada kusa da tafkin Tahoe. Manyan duwatsu ne jibge a kanta, har mota takan shafe yini guda ko fiye kafin ta gama ta. Da sunan wannan hanya kamfanin Jeep ya raɗa wa wani samfurin motarsa Wrangler suna a shekarar 2003, daga baya kuma ya sa wa a-kori-kurarsa Gladiator, wadda ta shiga kasuwa a 2019. An ƙera Rubicon ne domin irin wannan wuri. Tana da ƙaramar giya da ke rage gudun tayoyi ninki huɗu, ta yadda motar za ta riƙa rarrafe a kan dutse a hankali da ƙarfi mai yawa. Tana da makullin difaranshal gaba da baya, wanda ke tilasta wa tayoyi biyu na aksil ɗaya su juya tare ko da ɗaya tana lilo a sama, sannan direba na iya sakin ƙarfen da ke hana mota tangaɗi ta hanyar danna maɓalli, domin tayoyin gaba su sami damar hawa da sauka su ci gaba da taɓa ƙasa. Duk wanda ya ga wannan mota tana hawa dutsen da mutum ma sai ya dafa kafin ya hau, ba zai musa cewa an yi aiki ba.

Ford kuma wata hanya ya bi. F-150 Raptor da ya fitar a 2010 an yi ta ne da tunanin tseren hamadar Baja ta ƙasar Meziko, inda ake son gudu a kan gargada da ramuka, shi ya sa aka ba ta shokazoba na musamman masu doguwar tafiya da faffaɗan jiki. Sabuwar Land Rover Defender ta 2020 ta zo da nata salon: jakunkunan iska a maimakon sifirin, waɗanda ke ɗaga motar har kusan santimita 29 daga ƙasa, da ikon ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, da kwamfutar da direba zai gaya mata ko yashi ne ko taɓo ko dutse, ita kuma ta raba ƙarfi da birki tsakanin tayoyin. Idan aka jera waɗannan ukun da motocin Toyota, wato Land Cruiser 79 (a-kori-kura a jerin Land Cruiser 70) ko Hilux, kamar yadda suka fito daga kamfani, aka kai su filin gwaji na yini guda, ina da yaƙinin cewa a wurare da dama za su bar Toyota a baya. Ita Land Cruiser 70 ruwan da kamfani ya yarje mata bai wuce santimita 70 ba, kuma sifirinta na baya mai tauri ne, an yi shi domin kaya, ba domin lanƙwasa a kan duwatsu ba.

To amma a je tashar Agadas a duba motocin da ke ɗaukar mutane da kaya zuwa Dirku da Bilma, tafiyar da ta haura kilomita 500 a cikin hamadar Tenere, inda rijiya ɗaya ke da nisan yini daga 'yar'uwarta. Hilux da Land Cruiser ne suka cika wurin, tare da tsofaffin manyan motoci na Mercedes. Waɗannan direbobi ba jahilan mota ba ne, sun fi kowa sanin rairayi, kuma kuskure a wurinsu yana iya zama sanadin rasa rai. Haka nan hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, waɗanda ke sayen motocinsu da yawa ta hannun wani dillali da ke Jibralta, har yau farar Land Cruiser 70 suke nema, motar da aka fara ƙerawa a 1984 kuma siffarta ba ta sauya sosai ba. Masu haƙar ma'adinai da manoman karkarar Ostareliya ma ita suke saye. Mutanen da ba su san juna ba, a nahiyoyi daban-daban, sun taru a kan zaɓi ɗaya, kuma abin da ya haɗa su shi ne nisa daga makaniki.

Sirrin yana cikin injin. Mafi shahara a jerin injinan Land Cruiser 70 shi ne 1HZ, injin gas, wato dizal, mai silinda shida a jere, lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Ba shi da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura wa inji iska, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, wato ƙasa da na wasu ƙananan motocin gida na yau, kuma idan an yi masa lodi a kan hawa sai an yi haƙuri da shi. Amma famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke ba shi umarni, kuma wutar da yake bukata bayan ya tashi 'yar kaɗan ce ƙwarai. Da yake ba a matse shi ya fitar da ƙarfin da ya fi jikinsa ba, zafi da wahala ba sa cin sassansa da wuri. Idan man da aka zuba masa yana da datti ko ɗan ruwa, yakan yi tari, ya rage ja, ya yi hayaƙi, amma sau da yawa yakan kai mutum gari. Makanikin ƙauye da ke da sifana da guduma da kunnen da ya saba da sautinsa zai iya gano ciwonsa ya yi masa magani.

Injin gas na zamani ba haka yake ba. Yana tura mai cikin silinda da matsi mai tsanani, har ma'aunin bar 2,000 ko fiye, ta cikin nozul masu ramuka siririya kamar gashi, kuma kwamfuta ce ke ƙayyade lokaci da adadin kowace fesa. Wannan ne ya sa ƙaramin inji mai lita 2.8 yake fitar da ƙarfin doki kusan 200 kuma yake shan mai kaɗan, abin da babu mai hankalin da zai ƙi. Sai dai irin wannan inji an tsara shi ne bisa man Turai, wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Shekaru da dama dokar Najeriya ta yarda da gas mai sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, kuma sai a 2020 ne ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Ko an gyara doka, man da 'yan bumburutu ke sayarwa a jarka a bakin hanya, wanda ya sha ƙura da raɓa, ba ya bin wata doka. Ruwa kaɗan a cikin irin wannan mai ya isa ya cinye famfo da nozul, gyaran da ke lashe kuɗi masu yawa kuma ba a yin sa a gindin bishiya. Ga kuma matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda ke toshewa idan man ba shi da kyau ko motar ba ta samun doguwar tafiya da gudu, da wani ruwa na musamman da wasu motocin ke ƙin tashi idan ya ƙare.

Na ga wannan da idona a wata tafiyar aiki da muka yi da damina a arewacin Yobe, wajen da rairayi da fadama ke haɗuwa. Motoci biyu muka ɗauka, ɗaya sabuwa fil mai maɓallai da allon kwamfuta, ɗaya kuma tsohuwar a-kori-kura mai injin gas. A rana ta farko sabuwar ce ta burge kowa, domin ta haye wani kwari mai taɓo ba tare da ta ko girgiza ba, ita kuwa tsohuwar ta kafe har sai da muka tara itace da ganye a ƙarƙashin tayoyinta, mutanen ƙauyen suka taya mu turi. A rana ta biyu, bayan mun ratsa wani ruwa, sai fitilu suka kama a gaban direban sabuwar, motar ta rage wa kanta ƙarfi ta ƙi wuce wani ɗan gudu, kuma na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin ta daina aiki. Babu abin da ya karye a jikinta. Daga baya aka gano cewa laka ce ta lalata wayar wata 'yar na'ura da ke auna juyawar taya ɗaya, abin da bai fi ɗan yatsa girma ba. Makanikin garin da muka kwana, dattijo ne da ya san aikinsa, ya buɗe gaban motar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wa direbanmu: “Ɗana, wannan ba ciwon sifana ba ne, sai dai ku kai ta wurin masu kwamfuta.” Tsohuwar da ta kafe jiya ita ce ta kwashe mu muka ƙarasa aikin.

Abin da na fahimta daga wannan tafiya shi ne, kafewa da lalacewa ba matsala iri ɗaya ba ce. Motar da ta kafe tana bukatar shebur, da igiya, da mutane, da awa ɗaya ko biyu, kuma duk waɗannan ana samunsu a kowane ƙauye. Motar da kwamfutarta ta ƙi ba da izini tana bukatar na'urar bincike, da wanda ya iya karanta ta, da wani sashe da wataƙila sai an aiko da shi daga Legas ko Dubai. Saboda haka idan ana maganar aminci a mota, bai isa a tambayi sau nawa take lalacewa ba. Dole a haɗa da yadda take lalacewa, ko tana ba da alama tun da wuri ko tsayawa take yi farat ɗaya, da kuma nisan da ke tsakanin wurin da ta tsaya da wurin da kayan gyaranta suke. A wannan ma'auni Hilux ta yi wa sauran nisa a ƙasashenmu, domin daga Kofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, har Maraɗi da Damagaram da Injamena, da wuya a rasa kayanta, sababbi ko na hannu, kuma yaran gareji da ita suke koyon aiki. Wani ɓangare na sunan da Toyota ta yi ya fito daga ingancin ƙira, wani ɓangaren kuma ya fito ne daga wannan yawa da ya sa kowa ya san ta.

Wannan batu na yawa ba sabo ba ne a wurinmu. Kafin Toyota, Land Rover ce motar daji a duk faɗin ƙasar nan, tun bayan fitowarta a 1948, ita ce ta jami'an mulki da ma'aikatan gona da na dabbobi. Bayanta kuma Peugeot 404 da 504, waɗanda tayoyin baya kaɗai ke ja, sun shiga ƙauyukan da yanzu ake cewa sai kat-kat, saboda ana harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975 kuma kowane makaniki ya haddace ta. Ko yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda har aka yi masa laƙabi da yaƙin Toyota, ya nuna haka, domin sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada a watan Janairun shekarar da a-kori-kura marasa nauyi, masu sauƙin tuƙi da sauƙin gyara.

Kada a ɗauka ina cewa Toyota ba ta da aibu, domin tarihinta ya nuna akasin haka. A Amurka, a 2016, kamfanin ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 saboda tsatsar da ke cin shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. A Ostareliya kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar hayaƙin Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 tana da nakasu, lamarin da ya shafi motoci sama da 260,000. A 2024 kuma an janye Tundra da Lexus LX kimanin 100,000 saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin sabon injinsu mai turbo biyu. Abin lura shi ne, biyu daga cikin waɗannan ukun sun faru ne a daidai wurin da kamfanin ya rungumi sabuwar fasaha mai sarƙaƙiya. Ita ma Jeep ta sha ƙorafi kan wata girgiza mai tsanani da ke kama sitiyarin Wrangler idan ta taka rami da gudu, har kamfanin ya sauya wa masu motar wani sashe kyauta a 2019. Tambarin da ke gaban mota ba ya ba da tabbaci; gara mutum ya tambayi wane inji ne a ciki, wace shekara, kuma domin wace kasuwa aka ƙera ta. Hilux da aka yi wa Turai da wadda aka yi wa Afirka suna iya zama kamar tagwaye a ido, amma cikinsu ya bambanta ƙwarai, kuma masu sayen motocin Kwatano sun fi kowa faɗawa wannan rami.

Ita kanta Land Cruiser 70 tana da farashin da mai ita ke biya kullum. Tana da tsada, tana jijjiga mutum a kan gargada har bayansa ya yi ciwo, tana da tsawo da rashin faɗi wanda ke sa ta saurin kifewa idan an yi mata lodi a sama aka sha kwana da gudu, kuma tsofaffin samfuranta ba su da yawancin kayan kariya da ƙaramar motar gida ke da su. Tun da aka faɗaɗa gabanta a 2007 domin injin V8 ya sami wuri, tazarar tayoyin baya ta gaza ta gaba da kusan santimita 10, wanda ke sa na baya ba sa bin sawun na gaba daidai a cikin rairayi mai laushi. Ga wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, tsakanin Kano da Abuja misali, haɗarin hanya ya fi haɗarin lalacewa a daji kusa da shi, kuma na'urorin zamani da ke hana mota zamewa da jakunkunan iska na kariya sun fi masa amfani. Ban ga hikima ba a ce mutum ya sayi motar Tenere domin zuwa ofis.

Akwai kuma wata gaskiya da masu talla ba sa son a faɗa, wato kaso mai yawa na abin da ake kira ƙarfin mota a daji yana wurin taya da direba. Direban Agadas idan ya iso rairayi yakan sauka ya rage iskar tayoyinsa, daga wajen 35 a ma'aunin mai faci zuwa 18 ko ƙasa da haka, domin tayar ta shimfiɗu ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Yakan yi sammako ya wuce wurare masu wuya tun rairayin yana da sanyi da ƙarfi, ya san launin yashin da ke ɗaukar mota da wanda ke haɗiye ta, ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya barin taya ta yi ta juyawa a wuri guda. Da waɗannan dabaru, da faranti biyu na ƙarfe da shebur da famfon iska, Hilux ta talaka tana zuwa inda mota mai ninkin kuɗinta uku za ta nutse a hannun wanda bai sani ba. Nasarorin da Hilux ta samu a gasar tseren motoci ta Dakar a hannun Nasser Al-Attiyah a 2019 da 2022 da 2023 ba sa cikin wannan lissafi, domin waccan mota ce ta tsere da aka gina daga tushe, kuma ayarin makanikai ke kwance ta suna ɗaurawa kowane dare.

Yana da kyau a bambanta ƙarin ƙarfi iri biyu. Akwai wanda ke zuwa ta ƙarfe, kamar ƙaramar giya da ake sawa da hannu, da aksil ɗin gaba guda mai ƙwari, da makullin difaranshal, da tayoyi masu kaurin gefe, da bututun shaƙar iska da ake ɗagawa sama saboda ƙura da ruwa. Irin wannan ba ya rage wa mota aminci sosai, kuma idan ya lalace yawanci motar tana ci gaba da tafiya. Akwai kuma wanda ke zuwa ta jakar iska da kwamfuta da na'urori masu auna komai, wanda ke sauƙaƙa wa sabon direba aiki matuƙa, amma kowane sashe nasa yana dogara da ɗan'uwansa, har jakar iska guda da ƙaya ta huda tana iya zaunar da mota a ƙasa. Haka nan masu saka manyan tayoyi fiye da ƙima da ɗaga mota sama sosai, suna sayen kamannin ƙarfi ne da lafiyar giyabos da aksil da sitiyari, domin an lissafa ƙarfin waɗannan sassa ne bisa girman tayar asali.

Da za a ba ni zaɓi yau domin aikin karkara a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar, zan ɗauki Land Cruiser 79 mai injin 1HZ idan aljihu ya kai, idan bai kai ba kuma Hilux mai injin fetur lita 2.7 da giyar hannu, in sa mata tayoyi masu kyau, in ƙara matatar mai ta biyu, in riƙa sauya matatar iska da wuri a lokacin hunturu. Na san wannan zaɓi ba zai daɗe yana samuwa ba. Dokokin hayaƙi suna ƙara tsauri a ƙasashen da ke ƙera motoci, har a 2023 Toyota ta saka wa Land Cruiser 70 injin zamani mai lita 2.8 da giya mai sauya kanta, kuma irin waɗannan ne za su cika kasuwar motocin hannu nan da shekaru goma. A Kano da Kaduna na fara ganin matasan makanikai da masu gyaran waya suna yawo da na'urar bincike a aljihu suna haɗa ta da wayar salula, suna karanta ciwon mota kafin su taɓa sifana. A garuruwa irin su Yusufari da Maine Soroa, inda ake matuƙar bukatarsu, har yanzu dattijon da ke sauraren sautin inji shi ne madogara.